Ƙoton Mushe: Yadda Maharban Amurka Ke Dakon Koyote

Koyote dabba ce ta dangin kare da ake samu a nahiyar Amurka ta Arewa. Wanda ya san dila ya san rabin halinsa, sai dai koyote ya fi dila girma, domin nauyinsa yakan kama daga kilo 9 zuwa 20. Asalinsa ɗan filayen ciyawa da hamadar yammacin nahiyar ne. Da Turawa suka sare dazuzzuka suka kuma kusan ƙarar da kyarkeci, wanda shi ne babban abokin gabarsa, sai gari ya waye masa. Yau babu jihar Amurka da ba ya ciki in ban da Hawai, har tsakiyar birnin Shikago yana kwana yana tashi. Makiyayan tumaki suna kuka da shi saboda 'yan raguna, masu farautar barewa kuma suna zarginsa da cinye musu ƙananan barewa. Daga nan dabarun kashe shi suka yawaita, ɗaya daga cikinsu ita ce jawo shi da ƙoto, wato a ajiye masa nama a yi masa kwanton ɓauna.

Dabarar ta dogara ne a kan yunwa, shi ya sa lokacinta hunturu ne. Da rani koyote ba ya rasa abinci: ɓeraye, zomaye, fara, har 'ya'yan itace duk yana ci. Amma daga Disamba zuwa Maris, a jihohin arewa irin su Maine da Minesota, dusar ƙanƙara takan rufe ƙasa, ɓeraye su shige ƙarƙashinta, jikin koyote kuma yana ƙone abinci da sauri don ya yi maganin sanyi. A cikin waɗannan watanni ne kuma suke barbara, sai yawonsu ya ƙaru. Sanyin yana da wani amfani ga maharbi, domin nama ba ya ruɓewa, yakan yi makonni a waje, gashin dabbar ma lokacin ya fi kauri da daraja.

Ƙoton kansa yawanci mushe ne: barewar da mota ta buge, ɗan maraƙin da ya mutu a gona, ko tarkacen da mahauta suka zubar, irin su ƙashi da kitse da kayan ciki. Wahalar ita ce koyote ba ya son cin abinci a fili. In ya samu cinya a yashe, zai ja ta cikin duhuwa ya ci a ɓoye. Don haka maharba sukan ɗaure mushen da waya a jikin turke. Wasu kuma sukan cika babban bokiti da tarkacen nama, su zuba ruwa, su bar shi a waje ya daskare. Idan aka kife bokitin sai curin ƙanƙara mai nama ya fito, ya fi ƙarfin ja, dole dabbar ta tsaya tana gaigaya kaɗan-kaɗan. Wannan tsayuwar ita maharbi yake nema.

Wurin ajiyewa ya fi naman muhimmanci. Akan zaɓi bakin daji, inda koyote zai ji yana da mafaka kusa, amma fili ya isa a hango shi. A Maine har a kan tafkin da ya daskare ake ajiyewa, domin inuwar dabba a kan farar ƙanƙara ba ta ɓuya ko da hasken farin wata ne. Maharbi yakan zauna nesa da kamar mita 100 zuwa 150, cikin 'yar bukka ko ɗakin ajiyar gona. Babban abin lura shi ne iska. Koyote da hanci yake rayuwa, kuma ba kasafai yake nufar nama kai tsaye ba. Sai ya kewaya ta inda iska ke busowa daga wajen naman zuwa gare shi, ya tsaya ya sunsuna. In warin mutum ya gauraya da warin mushe, ya juya ke nan, wataƙila ba zai sake leƙowa ba sai bayan kwanaki.

Ba koyote ne yake fara zuwa ba. Hankaki ne ke fara sauka da rana, suna ta hayaniya, kuma wannan hayaniya ita ke sanar da sauran namun daji cewa akwai abinci. Daga baya koyote ya zo cikin dare, ya tsaya nesa, ya tafi bai taɓa ba. Gogaggen maharbi ba ya harbi a daren farko. Yakan bar su su ci, ya ƙara nama, ya kafa kyamarar da ke ɗaukar hoto da kanta in ta ji motsi, har ya gane sa'ar da suka saba zuwa. Wasu sukan sa na'urar da ke kaɗa ƙararrawa a cikin gida in wani abu ya gitta, sai mutum ya yi barcinsa har ta tashe shi. In an harbi ɗaya, sauran sukan ƙaurace ko su canja lokaci. Ba banza 'yan asalin ƙasar, irin su Nabaho, suka mai da shi gwanin wayo a tatsuniyoyinsu ba, kamar yadda dila yake malamin daji a namu.

Doka ta bambanta daga jiha zuwa jiha. Maine ta yarda da farautarsa da dare daga 16 ga Disamba zuwa 31 ga Agusta ga mai izini na musamman, kuma mai ajiye ƙoto sai ya nemi yardar mai fili, ya liƙa sunansa da adireshinsa a wurin. Jihohi da dama sun taƙaita ɗaukar mushen barewa daga wani yanki zuwa wani saboda cutar ƙwaƙwalwa da ke yaɗuwa a tsakanin barewa. Akwai kuma matsalar dalma: naman da aka harba da harsashin dalma yana ɗauke da ɓarɓashinta, gaggafa in ta ci sai ta kamu da guba.

Ƙoto mai guba shi ne ɓangaren tarihin da ya fi muni. Bayan dokar 1931 da ta ɗora wa gwamnatin tarayya aikin kawar da dabbobi masu ɓarna, an yi shekaru ana barbaɗa guba, har da wadda ake kira 1080, a cikin mushen doki da tumaki ana yasarwa a makiyaya. Guba ba ta zaɓe: gaggafa, yanyawa, karnukan gida, duk sun mutu. A 1972 Shugaba Nixon ya haramta hakan a filayen gwamnati. Cikin abubuwan da aka ci gaba da amfani da su daga baya akwai M-44, wani ɗan bututu da ake kafawa a ƙasa, a shafa wa kansa abu mai wari. Dabba na cizo ta ja, sai ya feso mata gubar sayanayid a baki. A 2017 irin wannan ya raunata wani yaro ɗan shekara 14 ya kuma kashe karensa kusa da Pokatelo a jihar Idaho, bayan haka jihar Oregon ta haramta shi a 2019.

To, duk wannan yana rage koyote? Wata hukuma da ke ƙarƙashin ma'aikatar gona ta Amurka kaɗai tana kashe fiye da 50,000 a shekara, jihar Yuta ta fara biyan dala 50 a kan kowane kai a 2012, amma dabbar sai ƙara yaɗuwa take. Dalilin yana cikin tsarin zamansu. A kowane yanki, namiji da mace ɗaya ne ke haihuwa, sauran suna jira. In aka kashe wasu, abinci ya wadata, macen ta haifi 'ya'ya da yawa, da yawansu su rayu, baƙi kuma su shigo su cike gurbi. Lissafin da masana biyu, Connolly da Longhurst, suka yi a 1975 ya nuna sai an kashe kashi 75 cikin 100 kowace shekara, har sama da shekara 50, kafin a ƙarar da su. Binciken da aka yi a Hopland ta jihar Kalifoniya kuma ya nuna yawancin kisan tumaki aikin ma'auratan da ke riƙe da yankin ne, alhali su ne suka fi wuyar yaudara.

Saboda haka ƙoto yana ba maharbi fata, yana iya kawar da dabba ɗaya da ta addabi wata gona, amma ba ya kare garke. Makiyayin da ke barin mushe a bayan shinge ma ƙoto ya ajiye bai sani ba, shi ya gayyato ɓarawo. Waɗanda suka rage asara su ne masu binne mushe da wuri, masu killace tumaki lokacin haihuwa, da masu sa karnukan gadi ko jaki a cikin garke. Tsare dukiya ya fi bin sawun mai ɓarna sauƙi da arha.