Daniel Amokachi: Ɗan wasan da ya saka kansa a fili, ya koma koci

A gidajen kallon ƙwallo na Kakuri da Barnawa, matasa da yawa sun san Daniel Amokachi ne a matsayin mai sharhi a talabijin. Iyayensu kuwa sun san shi tun yana Ranchers Bees ta Kaduna, garin da aka haife shi a 1972.

Yana ɗan shekara 17 Clemens Westerhof ya tafi da shi gasar cin kofin Afirka ta 1990. Daga nan sai Club Brugge, sai Everton, sai Besiktas, da zinaren Olamfik na 1996.

Labarin da ba ya tsufa shi ne na 1995, a wasan dab da na ƙarshe na kofin FA da Tottenham. Ana duba Paul Rideout da ya ji rauni, Amokachi ya faɗa fili ba tare da koci Joe Royle ya ba shi izini ba, ya kuma zura ƙwallo biyu. Da bai ci ba, Allah kaɗai ya san hukuncin da zai sha.

Ciwon gwiwa ya katse masa wasa da wuri, sai ya koma horarwa. Ya riƙe Nasarawa United, ya kuma horar da JS Hercules a Finland. Amma inda ya fi haskawa shi ne a matsayin mataimakin marigayi Stephen Keshi, lokacin da Super Eagles ta ɗauki kofin Afirka a 2013. A kujerar babban koci kam, har yau sunansa bai kai inda ƙafarsa ta kai shi ba.