Dalmar Bakin Birgi: Amfaninta A Ruwa, Illarta A Tsakar Gida

Idan masunci ya tsaya a bakin dam ɗin Kubanni da ke cikin filin Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, Zariya, ko a gaɓar kogin Galma da ya ratsa ta gabashin Sabon Gari, ya murɗa kafaɗa ya jefa birgi, ragar kan buɗe a sama kamar faifai, ta faɗa ruwa, bakinta ya nutse kafin tarwaɗa ko karfasa ta samu hanyar zillewa. Abin da ke jan bakin ragar ƙasa da wannan hanzari shi ne 'yan ƙullayen dalma da aka jera a jikin igiyar. Mai fatsa ma yakan ɗaura ɗaya a saman ƙugiya, don tanar da ya sa ta isa inda kifin yake kwance.

Masunta ba su zaɓi dalma don son rai ba. Idan aka ɗauki dalma da baƙin ƙarfe masu girma ɗaya, dalmar ta fi nauyi da sama da kashi 40 cikin ɗari, saboda haka ɗan ƙarami ya wadatar. Ba ta ruɓewa da tsatsa a ruwa, tana da taushin da guduma kaɗan za ta matse ta a jikin zare. Babban abin kuma, tana narkewa a ma'aunin zafi 327, alhali baƙin ƙarfe sai ya haura 1,500. Wutar gawayi ta isa, ba sai an je maƙera ba.

A Turai da Amurka masu fatsar nishaɗi kan zuba narkakkiyar dalma a kan ƙugiyar kanta, ta fito da kai irin na ɗan kifi, su shafa mata fenti mai ɗaukar ido, su ɗaura mata gashin tsuntsu, kifi ya kawo mata hari ba tare da an sa tana ba. Matasanmu suna ganin wannan a waya, wasu kuma suna gwadawa. Amma aikin da aka fi sani a nan shi ne zubin dalmar birgi da ta taru.

Yadda ake yinsa kuwa, sai a samo tsohon batirin mota wajen 'yan gwangwan ko masu cajin batir, a fasa, a zubar da ruwan, a ciro farantan ciki da kawunan. A tara su a gwangwani a ɗora a kan wuta. Ba a jimawa za ka ga sun sulale sun zama ruwa mai sheƙi, wata ƙazanta mai launin toka ta taso a sama. Mai aiki ya sa tsohon cokali ya kwashe ta ya yarfar gefe, sannan ya karkata gwangwanin a hankali ya tsiyaya cikin ramukan da ya yi a jikin busasshen yumɓu ko katako, da ƙusa a tsakiya don a samu kafar zura igiya. Ta huce, ya fitar, ya kankare gefen da wuƙa. Haɗarin da kowa ya sani shi ne ƙuna, musamman idan mazubin na da laima: ɗigon ruwa ɗaya kan koma tururi nan take, ya watsa narkakkiyar dalma a fuska da ido.

Ni abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tokar nan da aka yarfar, da garin kankarar da ya zube a ƙasa. Ba su da wari, ba sa ƙaiƙayi, ba sa ruɓewa. Shara ta watsa su, iskar hunturu ta shigar da su ɗaki, yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙaramin yaro kan tsotse dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar fiye da babba, kuma babu wani adadinta a jini da aka san ba ya cutarwa. Jiki yana ɗaukarta a matsayin kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, sai ya adana ta a ƙashi da haƙori shekara da shekaru. Mace ta samu juna biyu, dalmar ta sake fitowa cikin jini ta isa ga ɗan tayi. Tana hana jiki haɗa jini yadda ya kamata, tana taɓa ƙoda, tana jawo wa manya hawan jini. A ƙwaƙwalwar yaro kuwa ɓarnar da ta yi ba ta gyaruwa. Idan ta yi yawa sai amai, ciwon ciki, suma da jijjiga, har a zaci zazzaɓin cizon sauro ne ya hau kai, ko a ce iska ce. Idan kaɗan ce ba a ganin komai, sai dai yaro ya tashi ba ya riƙe karatu, ana ta dukansa ana cewa daƙiƙi ne.

Mun ga wannan da idonmu a Zamfara. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano abin da ke kashe yara a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma. Duwatsun zinariya ne masu dalma ake daka su a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu, sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa. A 2015 abin ya sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka tafi.

Wanda ya ce ai wancan haƙar zinariya ce, ba ta shafi masunta ba, to ya ji labarin Thiaroye-sur-Mer, wani garin masunta a gefen Dakar ta Senegal. Shekaru da dama maƙeran garin suna fasa batir suna zuba dalmar raga, burbushin yana taruwa a cikin rairayi. Da farashin dalma ya tashi, mata suka shiga tankaɗe rairayin suna kai shi gida, goye da 'ya'yansu. Daga ƙarshen 2007 zuwa farkon 2008 yara 18 suka mutu.

Fenti ba ya maganin wannan. Yana ɓarewa da zarar dalmar ta gogi dutse, kuma wasu fentin mai, musamman ja da rawaya, su kansu da dalma a ciki. Ingila ta hana sayar da mafi yawan ƙananan dalmar fatsa tun 1987, bayan an ga tsuntsayen ruwa na haɗiye su suna mutuwa. Mu a nan ba zan ce a hana masunci dalma yau-yau ba, don har yanzu babu abin da ya kai ta sauƙi a bakin birgi, kuza kuma ta fi ƙarfin aljihunsa. Mai fatsa dai ba shi da uzuri, tsohon noti ko ɗan dutse zai yi masa aiki.

Abin da ya zama dole shi ne a raba wannan aiki da gida. A yi shi a fili, nesa da yara da masu ciki, iska tana bayan mai aiki. Kada murhun girki ko cokalin miya su taɓa shiga ciki. A tara tokar a gwangwani mai murfi a mayar wa 'yan gwangwan. A daina matse dalma da haƙori. A wanke hannu da sabulu kafin a ci goro ko tuwo, a canza riga kafin a ɗauki yaro.

Zariya na da masu ilimin wannan. Ga asibitin koyarwa a Shika, ga cibiyar binciken sinadarai ta NARICT a Basawa, ga NAERLS a Samaru da ta daɗe tana yi wa manoma magana da Hausa ta rediyo. Ina roƙonsu da su nemi sarakunan ruwa da shugabannin 'yan gwangwan na Sabon Gari su zauna da su. Kai kuma malam, idan an taɓa narka dalma a tsakar gidanka, ka faɗa wa likita haka ƙarara, ka nemi a auna jinin yaranka, ko da kuwa lafiyarsu ƙalau kake gani.