Takardar Gwandu da Ta So Ta Jawo Togo Zuwa Bakin Kwara

A watan Afrilu na 1895 wani Bajamushe mai suna Hans Gruner ya iso Gwandu, bayan tafiyar kusan wata biyar daga Misahohe, can cikin duwatsun kudancin Togo. Ba fatauci ya kawo shi ba. Takarda ya zo da ita, yana neman Sarkin Gwandu Umaru Bakatara ya yarda ƙasarsa ta shiga ƙarƙashin kariyar Jamus.

Me ya haɗa Togo da Gwandu? Amsar tana Sifawa, a ƙaramar hukumar Boɗinga ta yau. A nan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna bayan ƙurar jihadi ta lafa, kuma a nan ne a 1812 ya raba ɗawainiyar daula gida biyu: gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, yamma ga ƙanensa Malam Abdullahi, wanda a lokacin yake zaune a Boɗinga kafin ya koma Gwandu. Wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Tambuwal a yau, ya wuce Boɗinga da Sifawa cikin 'yan mintoci, da wuya ya kawo a ransa cewa kason da aka yanke a nan ya kai Ilori da Nufe ta kudu, ya tsallake Kwara ta Sayi, har Dori ta ƙasar Liptako, wadda yanzu take cikin Burkina Faso.

Turai ta ji wannan labari ne daga bakin wani Bajamushen, Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim. A watan Mayu na 1853 ya baro Sakkwato, ya bi ta Boɗinga da Shagari ya shiga Gwandu zamanin Sarki Halilu, daga can ya haye kogi a Sayi ya nufi Timbuktu. Ya rubuta iyakokin Gwandu dalla-dalla. Bayan shekara arba'in 'yan ƙasarsa suka karanta, suka yi lissafi.

Lissafin kuwa shi ne wannan. Togo da Jamus ta samu a 1884 'yar guntuwar gaɓar teku ce, ba ta kai kilomita 60 ba. Ta yamma Ingila ta tare a ƙasar da ake kira Gana yanzu, ta gabas Faransa na Dahomey, wato Jamhuriyar Binin. Babu wurin miƙe ƙafa sai arewa. Idan an samu hannun Sarkin Gwandu, to a teburin Turawa ana iya cewa Togo ta kai bakin Kwara.

Hanyar da Gruner da abokansa biyu, von Carnap da likita Doering, suka bi ba su suka sare ta ba. Hanyar goro ce, ta fataken Gwanja: Kete-Karachi, inda Hausawa suka cika bayan yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar Salaga, sai Yandi, sai Sansanin Mango. Madugai da jakunansu sun daɗe da taka ta. Daga Mango abin ya koma tsere, don Faransawa ƙarƙashin Decoeur su ma sun taso daga Dahomey da nasu takardun. A ƙasar Gurma kowa ya nemi wanda zai kira sarki. Faransawa suka samu hannun mai Fada Ngurma, Jamusawa suka samu na wani basarake dabam, kowane ɓangare ya rantse nasa ne sarkin Gurma na gaskiya.

Gruner ya bar Gwandu da takardarsa, amma an riga shi. Tun 1885 Joseph Thomson ya zo da sunan kamfanin Ingilishi da ya zama Royal Niger Company, ya karɓi irinta daga Sarkin Musulmi Umaru da Sarkin Gwandu Maliki. A ganina sarakunan nan ba su taɓa ɗaukar waɗannan takardu a matsayin sallama ƙasa ba. Baƙo ne Nasara ya zo da gaisuwa ya nemi izinin ciniki, aka ba shi amana kamar yadda shari'a ta tanada. Gruner kuwa, ya shiga kasuwa ne bayan ta watse.

A Paris aka yanke magana, cikin Yuli na 1897, babu Bagwande ko Bagurme ko ɗaya a ɗakin. Faransa ta ɗauke Gurma, Jamus ta tsira da Sansanin Mango, aka ja wa Togo iyaka wajen layi na 11 arewa da ikwaita. Tsakaninta da Kwara sauran tafiya mai nisa. Shi ya sa ƙasar ta fito doguwa siririya kamar sawayen saƙi, daga Lome zuwa iyakar Burkina kusan kilomita 600. A 1899 kuma Jamus da Ingila suka raba ƙasashen Dagomba da Gwanja, a cikin yarjejeniyar da ta haɗa har da tsibiran Samoa na tekun Fasifik: Yandi ga Jamus, Salaga ga Ingila.

Gwandu ta faɗa hannun Ingilishi a 1903. Gruner ya koma Misahohe ya ci gaba da riƙon gunduma har 1914, lokacin da yaƙin duniya na farko ya ɓarke. Ran 26 ga Agusta, bai cika mako uku da fara faɗa a Togo ba, Jamusawan Togo suka miƙa wuya a Kamina, bayan sun rusa babbar tashar wayar iskarsu da hannunsu. Ingila da Faransa suka tsaga ƙasar a tsaye. Ɓangaren yamma, har da Yandi da Kete-Karachi, ya zaɓi bin Gana a ƙuri'ar 1956. Ragowar ita ce ta samu 'yanci ran 27 ga Afrilu, 1960.