Tsai Da Jirgi A Ruwan Da Ke Da Murjani

A gaɓar Bahar Maliya, kamar Sawakin da Jidda inda alhazan dā suka riƙa ƙetarewa, akwai duwatsun murjani masu yawa a ƙarƙashin ruwa. Waɗansu ƙananan halittu ne ke gina su, kuma wani irin murjanin ba ya ƙaruwa fiye da santimita 1 a shekara. Anga, wato ƙugiyar ƙarfen da ke tsai da jirgi, tana iya rushe ginin shekara 100 cikin ɗan lokaci, ko ta maƙale har a rasa ta.

Saboda haka wajibi ne matuƙi ya shiga mashigi da rana tsaka, lokacin da ake ganin ƙasan ruwa sosai. Yashi fari yake bayyana, murjani kuwa duhu-duhu. A kan yashi kaɗai ake jefa anga. Tsawon sarƙa ya kai ninki 5 na zurfin ruwa, a kuma tabbata ba za ta goge murjani ba idan iska ta juya jirgin. Inda hukuma ta kafa maɗauri, a ɗaure a nan. Rigakafi ya fi magani.