Shirin Musamman: Rubu'in Kuɗin Bas da Ke Komawa Gyaran Titi a Houston

Yau za mu leƙa birnin Houston da ke jihar Texas a Amurka, inda aka shafe shekaru ana ja-in-ja a kan wani kaso na haraji.

Duk wanda ya sayi riga ko waya a Houston yana biyan harajin sayen kaya na kashi 8.25 cikin ɗari. Jiha na ɗaukar 6.25, birni ya ɗauki ɗaya, ɗayan da ya rage kuma na hukumar sufuri ta METRO ne, wadda masu zaɓe suka amince a kafa a 1978 don ta kula da motocin bas na yankin. To amma tun daga 1988, kusan rubu'in kuɗin nan ba ya kwana a asusunta. Ana miƙa shi ga birnin Houston, da gundumar Harris, da wasu ƙananan garuruwa 14, su yi aikin tituna da magudanan ruwa da fitilun ba da hannu.

Me ya sa garuruwan suka kafe a kan wannan kaso? Dokar Texas ta hana harajin da ƙananan hukumomi ke ɗorawa a kan sayen kaya ya wuce kashi biyu. Garin da ya shiga METRO ya riga ya sadaukar da rabin wannan dama. Shugabannin garuruwan na cewa: mutanenmu na biya, bas ba ya shigowa unguwanninmu sosai, don haka a dawo mana da wani abu. Suna ƙarawa da cewa bas ɗin ma a kan kwalta yake tafiya, kuma nauyinsa na cinye ta.

Maganarsu na da ƙamshin gaskiya. Sai dai, masu sauraro, ku dubi ma'aikaciyar da ba ta da mota, wadda ke tsayuwa cikin zafin Houston tana jiran bas don ta kai wurin aiki. Ita ma tana biyan harajin nan daidai da mai motoci uku. Duk dalar da aka karkatar, ita ke jin raɗaɗinta a tsawon jira, da layin da aka ce za a buɗe ba a buɗe ba. Birni mai mutane sama da miliyan biyu bai ga jirgin ƙasa na zamani a titunansa ba sai a Janairun 2004. Ni a ganina, idan har za a ci gaba da rabon, ya kamata a ɗaure kuɗin da sharaɗi: a fara da titunan da bas ke bi, da hanyar masu tafiya a ƙasa, da rumfunan jira. Shimfiɗa sabuwar kwalta a inda bas ba ya zuwa, da kuɗin da aka karɓa da sunan bas, bai dace ba.

Masu zaɓe dai sun sha goyon bayan tsarin. A 2012 sun amince da gagarumin rinjaye a ci gaba da shi. A 2019 kuma, cikin ƙuri'ar da ta ba METRO izinin cin bashin dala biliyan 3.5 don faɗaɗa sufuri, aka tsawaita rabon har zuwa 2040.