Shin Ko Kun San? Harafin da ke ƙarƙashin kofaton doki

Shin ko kun san cewa fam ɗin zinariya na Ingila, wanda Turawa ke kira sobaren, ba a Landan kaɗai aka buga shi ba? Nauyinsa giram 7.98 ne, zinariyarsa karat 22, a bayansa akwai mahayin doki yana sukar dodo, zanen Benedetto Pistrucci na 1817. Masu tara tsofaffin kuɗi ba dokin suke kallo ba. Ƙasa suke duba, tsakanin kofato da shekara, inda wani ɗan harafi ya maƙale kamar ƙwayar gero. S na nufin Sidni, M Melbon, P Perth, duka a Ostireliya, C Ottawa ce ta Kanada, I Bombay, SA kuwa Piretoriya. In babu harafi, na Landan ne.

Ko kun san Bombay shekara ɗaya tak ta buga, 1918, lokacin da yaƙin duniya ya sa ɗaukar zinariya a teku ya zama kasada? Ottawa kuma a 1908 guda 636 kacal ta fitar. Nauyi ɗaya, zinariya ɗaya, amma mai wannan C ɗin ba ya kai shi gaban mai sikeli, gidan gwanjo yake nufa.

Ko kun san da irin wannan kuɗin aka buɗe ƙofar man Saudiyya? A 1933 Sarki Abdul'aziz ya ƙi takarda, sai da wani kamfanin mai na Amurka ya kai fam 35,000 na zinariya Jidda. Son da ake wa wannan fam a ƙasashen Larabawa ya sa 'yan jabu suka duƙufa a Italiya da Lebanon, har Landan ta koma bugawa da yawa a 1957.

To mu dawo gida, Yauri da Matamaye da Kance. Namu na gado azurfa ce. Ko kun san cewa kusan duk dalar Sarauniya Mariya Teresa, wadda fatake suka yi ta ƙetarowa Sahara da ita zuwa Damagaram da Kano, 1780 aka rubuta mata, ko da an buga ta bayan shekara ɗari da hamsin? Birnin Biyana ya buga, Roma da Paris da Landan sun buga, Bombay ma ta buga, duka da shekarar da sarauniyar ta rasu, don kasuwa ba ta yarda da sabuwar fuska ba. A 1851 matafiyi Heinrich Barth ya iske ana canza dala guda da wuri 2,500 a Kano. Da yawa daga cikinta ta ƙare a wutar maƙera, ta koma warwaro da zobe. Sunan dai ya tsira: yau in mai ƙosai ta ce dala biyar, sefa 25 take nufi.

Ga wanda ya fi ba ni sha'awa, don shi ne mai yiwuwa a tsinta a tsohon adaka. Kwabo mai huda na Afirka ta Yamma, wanda cinikin gyada ya riƙa kwararowa da shi ta wajen Daura, shi ma yana da harafinsa: H na Heaton, KN na King's Norton, duka a Birmingham, wasu kuma SA na Piretoriya, gidan da ya buga waccan zinariya. Ko kun san wasu na 1936 suna ɗauke da sunan Edward na takwas, sarkin da ya sauka kafin a naɗa shi? A Ingila kanta kuɗinsa bai shiga hannun jama'a ba, amma a nan an sayi goro da shi.

In kun samu, kada ku goge da toka ko lemun tsami. Masu saye da daɗewar jikinsa suke so, gogewa kuma rage masa kuɗi take yi.