Haɗa magani da niƙa, ba da ruwan guba ba

Mai sauraro, ko kana cikin Sabha ko kana bisa hanyar Gatrun zuwa Dirku, ƙwayar ciwon kai da ke aljihunka da maganin tsutsa da kake ɗura wa raƙumi duk a masana'anta aka haɗa su, ƙaramin sinadari bisa ƙarami, kamar mai jera tubali. Inda gizo ke saƙar shi ne ruwan da ake narkar da tubalan a ciki. Ba ruwan rijiya ba ne. Yawanci dangin fetur ne, irin mai warin nan da ake sirka fenti da shi: yana kama wuta, yana taɓa huhu da hanta, in an gama kuma a rasa inda za a kai shi. Wani masani, Roger Sheldon, ya yi lissafi a 1992: kilo 1 na magani kan bar shara kilo 25 zuwa sama da 100, mafi yawanta wannan ruwa ne.

To, mece ce mafita? Ɗaya daga ciki ita ce niƙa. A zuba garin sinadarai biyu busassu cikin tukunyar ƙarfe tare da ƙwallayen ƙarfe, inji ya yi ta girgizawa. Duka da gogayya su ke sa su haɗu su zama sabon abu, ba ruwa, ko kuwa da ɗan ɗigo kawai. Turmi da taɓarya ke nan, sai dai na lantarki. A 2019 ƙungiyar masana sinadarai ta duniya, IUPAC, ta sa dabarar cikin guda 10 da take ganin za su sauya duniya.

Wata hanyar kuma mu ba baƙonta ba ne: aiki da ruwa zalla. Marinar Ƙofar Mata a Kano, da ganyen baba da toka da kanwa take fitar da shuni, kuma rini ya kama.

Amma fa da sauran tafiya. Abin da ya yiwu a ƙaramar tukunya yana wuya a kan tan-tan, don injin na zafi. Yawancin masana'antu har gobe da ruwan narkarwa suke aiki, kuma wasu gangunansa na ƙarewa a kasuwa. In za ka sayi ganga don ruwan sha, ko nono, ko shayar da dabba, duba jikinta, ka shinshina. Mai hoton wuta ko ƙoƙon kai, bar ta wa mai gas. Roba na riƙe guba ko an wanke ta sau bakwai.